Kamun kifi ta ramin ƙanƙara a tafkin Blue Mesa

Tafkin Blue Mesa yana yammacin jihar Kolorado ta Amurka, a cikin tsaunukan Roki, a tudun da ya kai kimanin mita 2,290 sama da teku, kuma shi ne ruwa mafi girma a duk faɗin jihar. Ba tafki ne na asali ba, domin a shekarar 1966 aka kammala madatsar da ta tare kogin Gunnison, ruwa ya taru har ya yi tsawon kusan kilomita 32, ya kuma rufe wuraren da garuruwan Iola da Cebolla da Sapinero suke, waɗanda har yau da sunayensu ake kiran sassa uku na tafkin. Ni jikan Sarkawa ne daga Yawuri, aiki ne ya kawo ni birnin Denver, kuma wani dattijo abokin aikina, haifaffen kwarin Gunnison, shi ya fara kai ni wannan ruwa a tsakiyar hunturu. Tafiyar takan ci awa huɗu ko fiye a mota, ana hawa mashigar tsaunin Monarch mai tsayin fiye da mita 3,400 kafin a gangara, saboda haka mukan tashi tun dare.

Abin da dattijon ya fara koya mini ba kifi ba ne, ƙanƙara ce, kuma ya daɗe a kanta kafin ya yarda in riƙe sandar fatsa. Ƙanƙarar da ake yarda da ita ita ce garau mai duhu, wadda ruwan tafkin da kansa ya daskare ya zama ita, kuma sai kaurinta ya kai inci 4, wato santimita 10, kafin mutum ya taka ta da ƙafa. Farar ƙanƙara, wadda dusa ce ta jiƙe ta sake daskarewa, cike take da iska, ƙarfinta bai wuce rabin na garau ba, don haka kaurinta yana iya ruɗar wanda bai sani ba. Muna tafiya ne da doguwar sandar ƙarfe mai baki kamar kurfi, mai gaba yana dukan ƙanƙara da ita kafin kowane taku, idan ta ɓula da bugu ɗaya ko biyu sai a juya ta hanyar da aka biyo. Bayan haka ana huda rami a auna, a ƙara gaba a sake hudawa a sake aunawa, domin inci 10 a nan ba ya nufin inci 10 a can.

Tafkin madatsa yana da haɗarin da tafkin asali ba shi da shi, tun da ana sakin ruwansa don samar da wutar lantarki ko da a cikin hunturu. Idan ruwa ya ja baya, ƙanƙarar tsakiya takan sauka tare da shi, ta bar ta bakin gaɓa a karkace, a tsage, wani lokaci da ruwa kwance a kanta. Akwai kuma dogayen tsagu inda manyan faifan ƙanƙara biyu suke tunkuɗar juna har su yi tudu, kuma kusa da su ne ƙanƙara ta fi rauni, haka ma bakin rafukan da ke shigowa da gefen duwatsun da rana ke ɗumamawa. Sashen Iola, da yake shi ne na gabas kuma mafi ƙarancin zurfi, shi yake fara daskarewa, sashen Sapinero mai zurfi kusa da madatsa kuwa yakan makara ƙwarai. Rugugin da ƙanƙara take yi da sanyin safiya, wanda ke ratsa tafkin daga wannan gefe zuwa wancan, ya tsorata ni da farko, amma dattijon ya ce: "Ɗana, wannan ƙara ta ƙanƙarar da ke ƙara kauri ce. Wadda za ka ji tsoro ita ce mai laushi da ba ta magana."

Kowannenmu yana rataye tsinkunan ƙarfe biyu masu mariƙi a wuya, a saman riga inda hannu zai kai nan take, domin wanda ya faɗa ruwa ba shi da abin kamawa a kan ƙanƙara mai santsi sai su. Ƙa'idar da ake koyarwa ita ce mutum yana da kamar minti 1 na shawo kan numfashinsa, minti 10 da hannuwansa za su iya aiki, da kusan awa 1 kafin sanyi ya gusar masa da hankali. Ana juyawa ne ta inda aka fito, tun da ƙanƙarar can ta riga ta ɗauki nauyin mutum, a caka tsinkunan, a harba ƙafafu a baya, a fita a kwance, sa'an nan a mirgina nesa ba tare da miƙewa tsaye ba. Ban taɓa faɗawa ba, alhamdu lillahi, amma ba na hawa ƙanƙara ni kaɗai, kuma ba na hawa ba tare da igiya a cikin kayana ba.

Kayan aikin ba su da yawa. Akwai na'urar huda ƙanƙara mai murɗi, da ludayi mai huji-huji na kwashe ɓarɓashi daga ramin, da gajeriyar sandar fatsa wadda ba ta kai tsawon hannu biyu ba, da bokiti na zama, duka a cikin kwandon roba da ake ja da igiya. Dokar jihar ta hana ramin ya wuce faɗin inci 10, don kada yaro ko ƙafar babba ta zurma, kuma sai da lasisin hukumar kula da namun daji ta jihar, wanda ake ƙara masa hatimi na musamman idan mutum yana son sanda ta biyu.

Inda ilimin yake shi ne zurfi. Ruwa ya fi nauyi a digiri 4 na ma'aunin Salsiyas, don haka a ƙarƙashin ƙanƙara ruwan sama ne mafi sanyi, na ƙasa kuma ya ɗan fi ɗumi, kuma kowane irin kifi yana da hawan da yake bi. Tirawut mai jan zane a gefe, wanda suke danganta shi da bakan gizo, na fi samunsa a ruwa marar zurfi kusa da gaɓa, daga fitowar alfijir zuwa hantsi, da ƙaramar ƙugiya mai launi da aka soka wa tsutsa. Cizonsa a hunturu ba shi da ƙarfi ko kaɗan, sau da yawa bakin sandar ne kawai zai ɗan sunkuya ko zaren ya saki, wanda ya jira fizga kuwa zai yini bai kama komai ba. Idan rami ya yi shiru na ɗan lokaci ba a zama a kansa, ana tashi a huda wani. Wannan ya saɓa wa abin da na ɗauka game da wannan sana'a, domin tafiya da huda sun fi zama yawa a cikinta.

Makino, wato babban tirawut na tafki, a ƙasa yake, kusa da duwatsu da gangaren da ruwa ya rufe, kuma matsayinsa a wannan ruwa irin na giwan ruwa ne a kogin Kwara, mai cin sauran kifaye wanda ba shi da mai cin sa. Ana sauke masa ƙugiya mai nauyi da aka lulluɓe da farar roba, a maƙala mata ɗan yankin naman kifi, a bar ta ta taɓa ƙasa ta tayar da laka, sa'an nan a ɗaga a hankali. Na'urar da ke aika sauti cikin ruwa ta nuna abin da ke ƙasa ta sauya mini fahimta gaba ɗaya, domin da ita na ga cewa makino yakan zo ya tsaya gefen ƙugiya yana kallo, kuma abin da ke sa shi ya kai hari shi ne a janye ta sama kamar ƙaramin kifi mai gudu. A wannan tafkin aka kama makino mai nauyin fam 50, kusan kilo 23, a shekarar 2007. Waɗanda nake kamawa ba su kai ko kusa ba, amma ko matsakaicinsu yakan sa mutum ya yi dabara kafin ya juyo kansa ya shiga rami mai faɗin inci 8.

Kokani shi ne salmon ɗin wannan ruwa, jinsi ɗaya ne da jan salmon na tekun Fasifik, sai dai shi ba ya zuwa teku. Garke-garke yake yawo a tsakiyar ruwa, ba sama ba ba ƙasa ba, yana cin ƙananan halittun da ido da ƙyar yake gani, waɗanda su ke ba namansa jan launi. Tun da ba mafarauci ba ne, ana jan hankalinsa da ƙyallin ɗan faifan ƙarfe da ƙwayar masara fara a bakin ƙugiya, kuma bakinsa yana da taushi, idan aka ja da ƙarfi sai ya yage. Garken yakan wuce cikin mintuna kaɗan, wanda ƙugiyarsa ba ta daidai hawan da suke ba ko da da mita ɗaya ne ya rasa.

Sanin rayuwar kokani ne ya sauya yadda nake zaɓar abin da zan tafi da shi gida. A kowace bazara gidan rainon kifi na Roaring Judy, da ke kusa da Almont, yana sakin miliyoyin 'ya'yansa cikin kogin East, su gangara zuwa tafkin. Bayan shekara uku ko huɗu, da kaka, sai su yi ja, bakin mazan ya lanƙwashe, su hauro kogin zuwa inda aka sake su, ma'aikata su tatsi ƙwai, kifayen kuma su mutu kamar yadda halittarsu take. Da waɗannan ƙwai ake zuba kokani a wasu tafkunan jihar. Makino da kokani duka baƙi ne da mutane suka kawo, kuma idan makino ya yi yawa yakan cinye ƙananan kokani, ga kuma wani ƙwaro mai maƙalewa a inda kifin yake numfashi, ga fari, wanda a shekarar 2021 ya sa aka saki ruwa mai yawa daga Blue Mesa don tallafa wa tafkin Powell, wani babban tafkin madatsa da ke can ƙasa a kan kogin Kolorado, har gaɓa ta ja baya sosai. Shi ya sa hukumar take roƙon masunta su riƙa tafiya da ƙananan makino, har ta shirya gasa mai kyautar kuɗi ga masu kawo kawunan waɗanda ba su wuce inci 24 ba. Na ji masu son manyan makino suna ƙorafi a kan wannan, amma ni ina ganin hukumar tana da gaskiya, domin kokani ne abincin da ke girmar da manyan, idan ya ƙare su ma za su rame. Don haka ƙananan makino nake ɗauka, kuma su suka fi daɗi a miya ko a gashi, kokani in ɗauki kaɗan, babban makino in mayar da shi. Wanda za a mayar ba a ɗora shi a kan dusa, ba a kuma barin sa a iska, domin idanunsa da wurin numfashinsa sukan daskare nan da nan, ana cire ƙugiyar ne kansa yana cikin ramin.

Sanyin kwarin Gunnison sananne ne a duk Amurka, kuma na ga safiyar da ma'auni ya sauka ƙasa da digiri 25 a ƙarƙashin sifili. Ana sa tufafi hawa-hawa, na ulu ko na roba, ban da auduga, wadda idan ta sha gumi sai ta riƙe sanyi a jiki. Mai kunna hita ta gas a cikin tanti dole ya bar kafar iska a buɗe, saboda hayaƙin da ba shi da wari yana kisa ba tare da mutum ya farga ba. Hasken rana da ke dawowa daga dusa a wannan tudu yana ƙona ido da fuska, ƙishirwa kuma ba ta sanarwa, sai ciwon kai. Alwala nakan yi ta tun a masauki in sa safa mai kauri, in riƙe ruwan ɗumi a fulas, in yi azahar da la'asar a kan darduma da na shimfiɗa bisa katifar roba, da yake yinin gajere ne kuma lokutan suna kusa da juna.

Idan watan Maris ya shigo, rana takan yi ƙarfi, ƙanƙara ta fara ruɓewa daga ciki ta koma dogayen tsinkaye a tsaye waɗanda ba sa riƙe juna, ko da kaurinta yana nan. Launinta yakan koma toka-toka, bakin gaɓa ya narke da rana, har wanda ya hau da asuba ya tarar da ruwa tsakaninsa da tudu da yamma. Kifi yakan ci sosai a wannan lokacin, kuma shi ne yake jan mutane su ƙara mako guda. Ni da dattijon mukan tsaya ne ranar da sandar ƙarfe ta fara shiga ƙanƙara ba tare da ƙara ba, mu wanke kayan, mu shafa wa wuƙaƙen na'urar huda mai, mu jira a buɗe wuraren sauke jiragen ruwa.