Akwatin takalmi biyu na tsofaffin injinan roka

Ranar wata Asabar, a bakin filin da muke harbi, wani dattijo daga cikin 'yan ƙungiyarmu ya miƙo mini akwatin takalmi biyu, ya ce, "Riƙe waɗannan, yaro. Gwiwoyina sun daina bin roka cikin gonar masara." Shekarata ta uku ke nan a Amurka, ta biyu kuma da shiga ƙungiyar masu harba ƙananan rokoki ta garinmu. Da na isa gida na buɗe, sai ga injina sun fi sittin, wasu har yanzu cikin kwalayensu na asali, takardar ta yi ja saboda daɗewa. Akwai na kamfanin Estes, akwai na Centuri, akwai na MPC, ga kuma wasu masu kauri na Flight Systems. In ka cire Estes, babu ko ɗaya cikin waɗannan da ke buga inji a yau.

Ga wanda bai taɓa riƙe shi ba, injin ƙaramar roka bai wuce ɗan yatsa ba. Wanda aka fi amfani da shi faɗinsa milimita 18, tsawonsa milimita 70. Kwanso ne na takarda da aka naɗe ta yi tauri, a gindinsa akwai maƙogwaro na yumɓu mai ɗan rami, a ciki an danƙare albarushi ya zama kamar dutse. Albarushin nan ɗan gidansu ɗaya ne da wanda 'yan bindiga ke ɗurawa a hawan Sallah, kuma ƙaurinsa shi ne ya fara mayar da ni gida ranar da na fara zuwa filin. A samansa akwai wani garin da ke ci a hankali yana hayaƙi, don roka ta samu ta ƙarasa hawa, sannan ɗan kaɗan na ƙarshe da ke fashewa ya tunkuɗo laimar sauka. Sau ɗaya ake amfani da shi. Lambar da ke jikinsa, misali C6-5, tana faɗin komai: harafin shi ne jimillar ƙarfinsa, kuma kowane harafi yana ninka wanda ya gabace shi, 6 matsakaicin turawarsa ce a ma'aunin Niyuton, 5 kuma daƙiƙoƙin da zai jira kafin ya fitar da laima.

Na ɗauki makonni ina juya su a hannu kafin in yi tunanin ƙona ko ɗaya, domin tarihin wasan gaba ɗaya yana cikin akwatunan nan. Wani mai sayar da takalma a garin Norfolk na jihar Nebraska, Orville Carlisle, shi ya fara haɗa irin wannan inji a 1954. A 1957 ya aika wa G. Harry Stine samfuri, mutumin da ya yi aikin kula da tsaro a filin gwajin makamai na White Sands, kuma a shekarar aka kafa ƙungiyar masu harba ƙananan rokoki ta ƙasar Amurka, wadda yau ake kira NAR. Lokacin yara na ta jin raunuka wajen haɗa nasu garin a gida, sai aka ce to, ga inji haɗaɗɗe daga masana'anta, kai dai gina rokarka da kwali da katakon balsa. Vern Estes ya ƙera na'urar da ya sa wa suna Mabel, wadda ke fitar da inji ɗaya duk daƙiƙa biyar da rabi, ya kuma mayar da kamfaninsa garin Penrose na Kolorado a 1961. A cikin akwatin na tarar da guda uku masu lamba B.8-4, da ɗigo kafin takwas ɗin. Waɗannan tun zamanin da ake auna turawa da fam ne, kafin a koma ma'aunin mita a ƙarshen shekarun 1960. Sun girmi mahaifiyata.

Kuskuren da na yi, a daren farko na yi shi. Na zazzage akwatunan biyu a kan tebur ɗaya, na jera injinan bisa kamfani da harafi, na ji daɗin yadda suka yi kyau. Ban tambayi kaina dalilin da ya sa mutumin ya raba su gida biyu ba.

Harba tsohon inji a taron ƙungiya ba abu ne da ake yi kai tsaye ba. Irin waɗannan tsofaffin injina da aka daina bugawa, NAR ta daɗe da janye shaidar amincewarta da su, kuma dokar wasan ta ce da inji mai shaida kaɗai ake harbi. Amma akwai ƙofa: kana rubuta jerin injinan da kake son gwadawa ka nemi izini tun kafin ranar, bayan harbi kuma ka mayar da rahoton yadda kowanne ya yi. Na bi wannan hanya. Na duba kowane inji a ƙarƙashin fitila: ko kwanson ya kumbura, ko yumɓun ya tsage, ko murfin sama ya marmashe. Guda bakwai na ware gefe saboda alamar sun sha danshi.

Ranar farko, cikin watan Satumba, ba zan manta da injin B14 ba. Masu wasan nan suna maganarsa kamar yadda ake maganar wani gwarzon ɗan dambe da ya yi zamani ya wuce. Sirrinsa rami ne mai zurfi da ake haƙawa a tsakiyar albarushin, don wuta ta kama wuri mai faɗi lokaci guda. Jimillar ƙarfinsa bai wuce na B6 da ake sayarwa yau ba, sai dai shi yana zazzage shi duka cikin ƙiftawar ido. Muka ja da baya fiye da ƙafa 15 da doka ta tanada, muka ƙirga daga biyar, na danna maɓallin kunna injin. Ban ga tashinta ba. Ƙara ɗaya na ji kamar an fyaɗa bulala, sandar ƙarfen da roka ke tashi a kanta na ta rawa, roka kuma tuni tana can sama. Wani mai furfura da ke kusa da ni ya dafa kafaɗata, ya ce rabonsa da jin wannan ƙara tun yana makarantar sakandare. Na harba guda tara a ranar, duk suka tashi lafiya. Abu ɗaya na lura da shi, biyu daga ciki sun yi jinkirin fitar da laima fiye da abin da aka rubuta a jikinsu, har roka ta juyo da kai ƙasa kafin laimar ta buɗe.

Nasarar nan ce ta sa na saki jiki. A watan Nuwamba, da sanyi mai ratsa safar hannu, na ɗauki ɗaya daga cikin masu kaurin nan na ajin D na sa a rokar da muka gina ni da ɗiyata. Mako uku muka yi a kanta, ita ta goge fukafukan da sanfefa, ita ta zaɓi fenti kore. Da na danna, sai ƙara kamar ta bindiga, wuta ta fito ta saman rokar maimakon gindi, hancin ya yi sama shi kaɗai, gangar jikin ta tsaya a kan sanda tana ci. Babu wanda ya ji rauni, tazarar da aka ce a bayar ta yi aikinta. Yarinyar ba ta yi kuka ba. Ta je ta tsinto hancin, ta riƙe shi a mota har gida, kuma wannan shirun nata ya fi mini ciwo.

'Yan wasan suna kiran irin wannan fashewa "keto". Da daddare na kira dattijon a waya, na ce, "Baba, ɗaya ya fashe." Tambayar farko da ya yi mini ita ce, "Daga wane akwati?" Na yi shiru. Ashe akwati ɗaya a cikin kabad na ɗakin kwanansa ya yi shekarunsa, inda zafi da sanyi ba sa sauyawa sosai. Ɗayan kuwa a saman silin garejinsa ya manta shi, inda bazara ke gasa shi, hunturu ya daskarar da shi, shekara da shekaru. Ya ce ya rubuta a ƙarƙashin murfin. Na je na ɗauko murfin daga inda na jefa shi, ga rubutun nan da fensir.

Ya yi mini bayanin da har yau nake aiki da shi. Albarushi da takarda ba sa buɗewa da tsukewa daidai da juna. Zafi ya buɗa su, sanyi ya tsuke su, a hankali sai curin albarushin ya saki bangon kwanson ko ya tsage a ciki. Ido ba ya ganin wannan. Da wuta ta kama sai ta bi tsagar, ta ci wurin da bai kamata ta kai ba tukuna, matsin ya fi ƙarfin kwanson. Masu kauri sun fi saurin kamuwa da wannan. Ƙa'idar da tsofaffin hannu ke bi ita ce, kada ka harba inji a ranar da sanyinta ya gaza zafin da injin ya taɓa sha da digiri 75 na Faranhait, wato wajen digiri 40 na Salshiyos. Ni kuwa na ɗauko wanda ya sha zafin silin, na kunna shi a ranar da ruwa ke daskarewa.

Tunda na riga na cakuɗa su, babu yadda zan gane wanne ne daga ina, don haka duk na ɗauke su a matsayin na gareji. Masu kaurin na daina harba su gaba ɗaya. Ƙananan kuma sai da rana mai ɗumi, a cikin roka mai araha da na gina musamman don haka, wadda in ta ƙone ba wanda zai riƙe hancinta a mota. Idan kwali ɗaya na da uku, nakan fara da ɗaya in ga halinsa kafin in taɓa sauran. Na cike takardar rahoton matsalar inji da NAR ke tarawa, na rubuta a fili yadda aka ajiye shi. Yanzu duk wanda ya kawo mini tsohon inji, kafin in duba shekarar da aka buga shi nakan tambaye shi a wane ɗaki ya ajiye shi, kuma in ya ce bai sani ba, sai in ajiye shi gefe, ba na harba shi.

Guda ukun nan masu ɗigo suna cikin gwangwani a kabad, tare da B14 biyu da suka rage. Ɗiyata ta ce a bar mata ɗaya ta danna da hannunta idan bazara ta shigo. Mun sayi sabon bututun kwali, kuma koren hancin nan ya shiga bakinsa daidai.