Wa ke da waƙar bayan an tashi daga situdiyo?

In ka tambayi mawaƙan Hausa su wa ke cinye musu gumi, yawancinsu masu tura-tura za su fara ambata, waɗanda ke loda waƙoƙi a memori a bakin kasuwa, sannan masu ɗora waƙar wani a YouTube ba da izini ba. Suna ci kam, babu musu. Amma asarar da ta fi girma tun a situdiyo ake tafka ta, ranar da aka ɗauki murya, aka yi musabaha, kowa ya kama gabansa ba a rubuta komai ba.

Abin da da yawa ba su lura da shi ba shi ne, waƙa ɗaya haƙƙi biyu take ɗauke da shi. Na farko haƙƙin ƙirƙira: baitoci da karin da aka ɗora su a kai. Wannan na wanda ya tsara ne, ko waɗanda suka tsara tare. Na biyu haƙƙin sautin da aka naɗa, wanda ake kira masta. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022, wadda aka sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta ɗauki wanda ya shirya yadda aka yi naɗin a matsayin mai masta, sai fa in an yi yarjejeniya da ta ce wani abu daban. A aikace wannan yakan zama wanda ya kama situdiyo ya biya. To ka ga idan furodusan fim ne ya biya kuɗin zama, ko wani mai gida da ya ce zai taimaka maka, muryarka ce a ciki amma masta tana iya zama tasa. Baitocin suna nan naka, matuƙar ba ka sa hannu ka sallama ba.

Wannan sharaɗi na sa hannu shi ne babban makamin mawaƙi, kuma shi aka fi jahilta. A doka, sallama haƙƙi gaba ɗaya, ko ba wa mutum ɗaya izinin da ya keɓanta da shi, ba ya inganta sai a rubuce. Izinin baka yana iya tsayawa, amma iyakarsa izini ne na amfani, bai hana ka ba wa wani ba. Kamar gona ce: bayar da haya daban, sayarwa daban. Saboda haka furodusan da ya miƙa maka kuɗi a hannu ya ce ya sayi waƙa, ba tare da takarda ba, bai mallaki baitocinka ba. Sai dai kada wannan ya sa ka saki jiki. Rashin takarda kai ma yana cutar da kai, domin ranar da rigima ta tashi sai ka nemo hujjar cewa kai ka tsara, kuma shari'ar haƙƙin mallaka a Babbar Kotun Tarayya ake yin ta, inda kuɗin lauya kaɗai yake iya fin abin da ake faɗa a kai.

Maganin abin takarda ce shafi ɗaya, wadda za a cike kafin a kashe kwamfuta. A rubuta sunan waƙa, ranar ɗauka, da sunan situdiyo. A jera duk wanda ya sa hannu a aikin da sunansa na katin shaida, sannan sunan da aka san shi da shi a waƙa, da lambar waya. A gaban kowane suna a faɗi abin da ya yi: ya rubuta baiti, ya ƙirƙiro kari, ya yi kiɗa, ya rera, ko amshi. Sai kaso, kuma jimillar ta cika ɗari cif. Layi biyu ake yi, ɗaya na ƙirƙira ɗaya na masta, kada a cakuɗa su. Kowa ya sa hannu, a samu shaidu biyu, kowa ya ɗauki hoton takardar a wayarsa ya tura wa kansa ta imel.

Mai kiɗa a nan ake yawan danne shi, ko kuma shi ya danne wasu. In an biya shi kuɗin aiki a kan ya bar komai, a rubuta haka ɓaro-ɓaro. In kuwa shi ya fito da karin da waƙar ta tsaya a kai, abokin ƙirƙira ne, yana da kaso, ko da bai rubuta harafi ɗaya ba. Haka 'yan amshi, musamman mata, waɗanda ake sallama da kuɗin mota alhali muryarsu ce ke ɗauke da rabin waƙar. In sallama ce ta gaba ɗaya, su san haka kafin su shiga ɗakin ɗauka, kuma a sa sunansu. Ambaton sunan wanda ya ƙirƙiri aiki haƙƙi ne da doka ta ware daban, ba ya bin ciniki, ko an sayar da waƙar yana nan.

Kada ka bar situdiyo da MP3 kaɗai. Karɓi WAV, wato ainihin fayil ɗin sauti da ba a matse ba, na waƙar da aka gama, da kiɗan zalla ba murya, da muryar zalla, da datar aikin gaba ɗaya in an yarda. Ajiye a wuri biyu. Kwamfutar situdiyo tana lalacewa, ana sayar da ita, wani lokaci kuma yaron situdiyo ne zai fitar da waƙar kafin ranar da ka tsara.

Yanzu batun ɗora waƙa a intanet, inda mafi yawan rigingimun yau suke. Spotify, da ya shigo Najeriya a 2021, da Apple Music da ire-irensu ba sa karɓar waƙa kai tsaye daga hannun mawaƙi, sai ta hannun kamfanin rarrabawa irin su DistroKid, TuneCore ko CD Baby. Wasu kuɗin shekara suke karɓa, wasu kuɗin kowace waƙa da ɗan kamasho. Duk wanda ya buɗe asusun nan da imel ɗinsa da bankinsa, shi kuɗi ke zuwa wa. Abin da ke faruwa ke nan: mawaƙi bai iya ba, ko ba shi da katin da ke biyan dala, sai wani ya ce kawo in ɗora maka. Shekara biyu lafiya lau. Ranar da aka ɓata, sai a tarar tashar YouTube, asusun rarrabawa, da lambar wayar da ake tura lambar sirri duk nasa ne. Imel ya zama naka, lambar waya taka, banki naka. Mai taimako a ba shi matsayin manaja a tashar, wanda za ka iya cirewa duk ranar da ka ga dama.

Kowace waƙa da aka rarraba tana samun lambar ISRC, haruffa da lambobi 12. Rubuta ta ka adana. In za ka sauya kamfanin rarrabawa, da wannan lambar da ainihin fayil ɗin za ka sake ɗorawa, sai ka jira ta bayyana kafin ka sauke tsohuwar. In ka bari aka ba ta sabuwar lamba, ana iya ɗaukar ta sabuwar waƙa, lissafin sauraren da ka tara ya koma sifili. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, tunda daga 2024 Spotify ba ya biyan komai a kan waƙar da ba ta kai saurare 1,000 cikin wata 12 ba.

A YouTube, kafin a fara raba kuɗin talla da kai sai tasha ta kai mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin shekara, sannan kashi 55 cikin ɗari na kuɗin tallan dogon bidiyo ne naka, kuma ba a turowa sai ya kai dala 100. Cike bayanan harajin Amurka a AdSense, asusun Google da YouTube ke biyan kuɗi ta cikinsa. Najeriya ba ta da yarjejeniyar haraji da Amurka, don haka za a cire kashi 30 daga abin da masu kallo na can suka kawo, amma in ka ƙi cikewa ana iya cire har kashi 24 daga kuɗinka na duniya baki ɗaya. Sannan akwai Content ID, na'urar da ke gane sautin waƙa a bidiyon wasu ta karkato da kuɗin tallan ga wanda ya yi rajista. Kuskuren da ake yi shi ne a saka waƙar da aka ɗora a kan kiɗan da aka sauke kyauta ko aka yi haya. Kiɗan ba naka kaɗai ba ne, ƙorafi zai biyo baya, kamfanin rarrabawa yana iya riƙe kuɗinka. Akasin haka ma yana faruwa: wani ya riga ka rajistar waƙarka, sai ka ga an yi da'awa a kan bidiyonka na kanka. A nan takardar situdiyo da fayil ɗin WAV mai kwanan wata suke yin rana.

Idan kamfani ko mai gida ya kawo kwantiragi, wuri huɗu nake ganin ya kamata ido ya fara sauka: shekara nawa, waƙa nawa, wa ke da masta bayan wa'adi ya cika, da yadda za a cire kuɗin da aka kashe. Na ƙarshen nan shi ne ramin. Kafin alƙalami ba kyauta ba ne, bashi ne da za a cire. A ɗauka an kashe maka naira miliyan 6 a situdiyo, bidiyo da talla, kasonka kuma kashi 30. In takarda ta ce a fara cire kuɗin daga jimillar abin da ya shigo, da an samu miliyan 6 an fara raba riba. In ta ce daga kasonka za a cire, sai waƙoƙin sun kawo miliyan 20 kafin ka ga kwabo, alhali shi ya riga ya kwashi miliyan 14 ban da uwar kuɗinsa. Layi ɗaya ne ya raba biyun. Nemi a rubuta cewa ba za a kashe kuɗi sama da wani adadi ba sai da amincewarka, a riƙa ba ka lissafi duk wata uku ko shida, kuma kana da ikon kawo akanta ya duba. Kalmar har abada in ta fito a gaban masta, a tsaya a sake zama. Lauyan da ya rubuta takardar na wanda ya biya shi ne, nemi naka.

Waƙar fim, ta biki da ta siyasa ma a fayyace. Furodusa ya biya don waƙa ta fito a fim ɗinsa, shin har da ɗora sautin a tasharsa? Har da kiɗan kira na kamfanonin waya? Ɗan takara ya biya don kamfe, shin kana iya sake amfani da karin a wata waƙa? Duk abin da ba a ambata ba shi ake rigima a kansa.

Akwai kuma kuɗin da mawaƙan Arewa da yawa ba sa bi ko kaɗan: na sa waƙa a rediyo, talabijin, otal da wuraren taro. Ƙungiyoyin karɓar kuɗin haƙƙi ne ke tattarawa su raba wa mambobinsu. A Najeriya COSON ta samu lasisi a 2010, Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka, wato NCC, ta dakatar da shi a 2018, MCSN ce ke aiki da amincewar hukumar. A Nijar BNDA ce, a Gana kuma GHAMRO. Shiga kaɗai ba ta isa ba, sai ka yi rajistar kowace waƙa da kason kowa, don ba a biyan abin da ba a san mai shi ba. NCC kanta tana da rajista ta intanet. Ba ita ke ba ka haƙƙi ba, haƙƙi yana tabbata tun ranar da aka naɗi waƙar ko aka rubuta ta, amma takardar shaidar tana da amfani a gaban alƙali.

Haƙƙin ƙirƙira yana ɗorewa shekara 70 bayan ƙarshen shekarar da mai shi ya rasu, na masta kuma shekara 50 daga fitowarsa. Alhaji Mamman Shata ya rasu a 1999, ke nan baitocinsa suna ƙarƙashin kariyar doka har ƙarshen 2069. Dukiya ce da ke shiga rabon gado, don haka jerin waƙoƙi, takardun rabo, lambobin ISRC da bayanin asusun da kuɗi ke shiga su kasance a inda wani amintacce cikin iyali ya san da su.