Na raba dare ina kallon muhawarar 2015

Jiya barci ya ƙi zuwa, sai na faɗa kan tsofaffin bidiyon zaman Majalisar Ɗinkin Duniya na 2015, lokacin da ake ja-in-ja kan Muradun Ci Gaba Mai Ɗorewa, wato manufofin da ƙasashen duniya suka sa wa kansu na yaƙi da talauci da kare muhalli da sauransu. Na ce minti goma zan kalla. Sai da cajin wayata ya yi ja na ankara.

Da ina zaton shugabanni ne kawai suka taru a New York a watan Satumba suka tafa. Ashe wahalar tun baya aka sha ta. Jakada Macharia Kamau na Kenya da David Donoghue na Ireland su ne suka ja ragamar tattaunawar, suna lallaɓa ƙasashe 193 har aka daidaita a farkon Agusta. Wakili zai ɗaga hannu, ya yi dogon jawabi, duk a kan kalma ɗaya. Da farko dariya na yi. Daga baya na gane kalmar ce ke nuna wanda zai biya kuɗi, shi ya sa kowa ya kafe.

Muradu 17, ƙudurori 169, wa'adi 2030. A takarda kam ba laifi.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne alkawarin ƙasashe masu arziki na ba da kashi 0.7 cikin ɗari na kuɗin shigarsu a matsayin tallafi ga ƙasashe masu tasowa. Tun 1970 ake maimaita shi, kuma ƙalilan ne suka taɓa cikawa. Amurka ko kusa ba ta je ba.

Yau da jajayen idanu na tafi aiki.