Ku Nemi Ilimin Kare Yara Kafin Wani Yaro Ya Kawo Muku Kukansa

Ƙannena masu shirin shiga koyarwa, ko aikin asibiti, ko aikin Hisba, da ku nake. Duk wanda aikinsa ya haɗa shi da yara da matan aure a garin nan na Sakkwato, ko ba jima ko ba daɗe, wani zai ja shi gefe ya faɗa masa abin da bai taɓa faɗa wa kowa ba. Binciken da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta yi tare da UNICEF a 2014 ya nuna cewa yara 6 cikin 10 a Najeriya suna fuskantar wani nau'in cin zarafi kafin su kai shekara 18, kuma yarinya ɗaya cikin huɗu ana yi mata ta hanyar lalata. Yadda ake karɓar irin wannan kuka ilimi ne mai zaman kansa, jami'o'i na koyar da shi, suna ba da takardar shaida. Ku neme shi tun kuna da ƙuruciya da lokaci.

Ni na yi jinkiri, kuma a kan wata yarinya jinkirin ya ƙare. Ina koyarwa a wata firamare, ita kuma 'yar riƙo ce da ke tallan ƙosai kafin ta zo aji. Na lura tana zama a karkace a bakin benci, in za ta tashi sai ta cije leɓe, ta daina shiga wasa, har fitsari ya soma kuɓuce mata. Zuciyata ta ba ni abin da ya faru. Sai na kira ta ofis a gaban sauran malamai mata, na tsare ta: "Faɗa mini gaskiya, wane ne ko?" Da bakina na ambaci sunan wanda nake zargi. Ta gyaɗa kai tana kuka. Nan take na aika a kira mai riƙonta. Kafin gari ya waye an wanke tufafinta, an gasa ta da ruwan zafi, an zauna a zaure an ce a rufa asiri, a bar wa Allah. Ba a daɗe ba aka mayar da ita ƙauye, ban sake jin labarinta ba.

Tausayi ne ya sa na yi duk abin da na yi, amma sai da na zauna a ajin koyon wannan ilimin na gane ɓarnar da ke cikinsa. Ba a sa wa yaro suna a baki, domin lauya zai ce malama ce ta kitsa maganar, shaida ta rushe. Ana cewa ne, "Ɗiyata, ba ni labarin abin da ya faru," sai a yi shiru a saurara. Ba a tara masa mutane, ba a sa shi ya yi ta maimaitawa ga wannan da wancan, don kowace maimaitawa fama ce. Ba a yi masa alƙawarin ba za a gaya wa kowa ba. Ana gaya masa gaskiya cewa za a sanar da wanda zai taimaka kaɗai, a kuma tabbatar masa ba laifinsa ba ne. Ana rubuta kalmominsa yadda ya faɗe su, da kwanan wata da lokaci. Ba a kuma gaggawar kiran gidan da ake zargin cutar daga can ta fito, sai an san inda yaron zai kwana lafiya.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne maganar asibiti. Akwai maganin kariya daga cutar ƙanjamau da ake bai wa wanda aka yi wa fyaɗe, amma sai an soma shi cikin awa 72, a sha har kwana 28. Ban san da shi ba. Tufafin ma ba a wanke su, ana naɗe su a takarda, ba a leda ba, saboda shaida. Yanzu muna da Cibiyar Nana Khadija a Asibitin Ƙwararru na Sakkwato, inda ake duba waɗanda aka ci zarafinsu kyauta, a ba su rahoton likita da shawara. Cibiya kuwa ba ta amfanar yaron da babba bai san ya kai shi can ba.

Karatun ya ba ni bakin magana. Gwamnatin Tarayya ta yi Dokar Haƙƙin Yara a 2003, da dokar hana cin zarafin mutane a 2015, ita kuma Jihar Sakkwato ta samu nata dokokin biyu a 2021, zamanin Gwamna Aminu Waziri Tambuwal. Wanda ya san su zai iya durƙusawa gaban mai unguwa cikin ladabi ya ce, "Ranka ya daɗe, wannan ta fi ƙarfin sulhu, ta hukuma ce," a kuma saurare shi.

A ɓangaren ma'aurata ma na yi tuntuɓe. Wata maƙwabciyata da mijinta ke duka, kullum haƙuri nake ba ta. Ranar da na ga shatin yatsu a wuyanta kuma sai na ce ta kwashe kayanta ta fita a daren nan. Duka shawarwarin biyu suna da haɗari. Shaƙe wuya na cikin manyan alamun cewa rai na iya salwanta, kuma lokacin da mace ke ƙoƙarin barin gida shi ne ya fi hatsari. Abin da ake koyarwa shi ne a zauna da ita a shirya: gidan wa za ta nufa, wa za ta kira, ina katin asibiti da takardun yara, wane ne cikin iyayenta maza zai tsaya mata. Ita za ta yanke shawara, kai naka tallafi ne.

Za ku ji ana cewa wannan karatun raba aure ne. Ban yarda ba. Addininmu ya hana cuta da cutarwa, kuma a fiƙihun Malikiyya da muke bi, alƙali na da ikon shiga tsakani idan cutarwa ta tabbata. Sau da yawa saurin gane matsala ne ke hana ta kai ga kotu.

Takardar shaidar tana buɗe ƙofar aiki a Ma'aikatar Mata da Yara, da asibitoci, da ƙungiyoyi masu zaman kansu, ba na musun haka. Sai dai wanda albashi kaɗai ya kawo shi ba ya jure abin da kunnensa zai ji, shi ya sa kwas mai kyau ke koya maka yadda za ka kula da taka zuciyar.

Wajen zaɓe, ku leƙa sashen nazarin zamantakewa da na ba da shawara a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ku tambayi cibiyar NOUN, wato jami'ar karatu daga gida ta ƙasa, ku tabbatar hukumar NUC mai kula da jami'o'in ƙasa ta amince da duk jami'ar da za ku bai wa kuɗinku. Ku fifita kwas ɗin da ke tura ɗalibi aikin gwaji ƙarƙashin ƙwararre. Idan kuma ta intanet za ku yi da wata jami'ar waje, ku sani dokar ƙasarsu za su koya muku, sai ku nemi dokokin jiharmu na 2021 ku karanta da kanku, ku kuma ajiye lambar cibiyar asibiti da ta ofishin walwalar jama'a na ƙaramar hukumarku a waya tun yau.