Godiya ga 'yan'uwan da suka haƙo wa ƙanina nedarait

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

A madadin kaina da Ummanmu da ƙanina, ina miƙa godiya ga duk waɗanda muke zaune tare a duniyarmu ta wasan Minecraft, musamman waɗanda suka ajiye gine-ginensu da gonakinsu na cikin wasan suka sauka Neda domin haƙo ɓaraguzan da ake ƙera nedarait da su. A daren Juma'ar da ta wuce, bayan sallar isha'i, aka ƙera abu na ƙarshe, ƙanina ya tsaya a tsakiyar garinmu sanye da kwalkwali da sulken ƙirji da na ƙafa da takalma, ga takobi ga diga, dukkansu na nedarait. Kun san tun da ya yi haɗari a Adaidaita Sahu aka yi masa ɗori yake kwance a ɗaki, ba makaranta ba filin ƙwallo, kuma wannan wasa shi ne ƙofar da ta rage masa ta haɗuwa da abokansa kullum. Shi ya fara maganar sulken nan tun kafin ya kwanta, ku kuma kuka ɗauki maganar yaro da muhimmanci har kuka kai ta ƙarshe.

Akwai manya daga cikin danginmu da za su karanta wannan saƙo, kuma na san za su tambayi dalilin da zai sa a yi wa mutane godiya a bainar jama'a saboda dutsen da ke cikin waya. Saboda su zan ɗan yi bayani, domin sai an san wahalar abu ake sanin girman kyautarsa. Wasan na kamfanin Mojang ne na ƙasar Suwidin, ya fito a cike a shekarar 2011, kamfanin Microsoft ya saye shi a 2014. Shekaru da yawa daimon, wato lu'ulu'u, shi ne ƙololuwar abin da ake ƙera makami da sulke da shi, sai a watan Yunin 2020 aka shigo da nedarait a bisansa. Ba a haƙo shi kai tsaye. Abin da ake haƙowa wani dunƙule ne mai ruwan ƙasa da wasan ya kira ancient debris, mu kuma muke ce masa ɓaraguzan da, kuma yana binne ne a Neda, wato duniyar ƙarƙashi mai cike da narkakken dutse, inda ruwa ke ƙafewa da zarar an zuba shi. A kowane yanki mai faɗin tubali 16 da tsawon 16, abin da ke ciki ba ya wuce biyar, sau da yawa ma ɗaya ne ko biyu, kuma kusan ba ya taɓa fitowa fili inda ido zai hango shi. Allura ce cikin ruwa, mai rabo ka ɗauka. Ba a shuka shi, ba a kiwonsa, babu injin da za a kafa ya riƙa zubo shi kamar yadda muka yi wa ƙarfe da rake, wanda aka haƙe kuwa ba ya sake tsirowa. Don haka duk dunƙule ɗaya da wani ya jefa a akwatin ƙanina, lokacinsa ne da datarsa da cajin wayarsa ya jefa.

Lissafin da muka fuskanta shi ne wannan. Kowane dunƙule idan an gasa shi a murhu yana ba da gutsure ɗaya. Gutsure 4 da sandar zinare 4 su ke haɗa sandar nedarait 1, kuma kowane kaya sanda ɗaya yake ci. Kaya shida ke nan suna buƙatar dunƙule 24 da sandar zinare 24, bayan kayan daimon ɗin da za a ɗora nedarait a kansu, waɗanda su kaɗai sun ci daimon 29. Ƙanina yana da dunƙule kaɗan da ya tara da kansa kafin haɗarin, sauran duk daga hannunku suka fito.

Godiya ta farko ga Yayanmu na Gwammaja, wanda shi ne ya tsara aikin haƙar. Shi ya hana kowa fara haƙa a inda ya ga dama, ya sa aka kunna lambobin da ke nuna matsayin mutum a fuskar waya, ya ce kowa ya sauka zuwa hawa na 15, domin a daidai wannan zurfin ɓaraguzan suka fi yawa. Wanda bai taɓa sauka can ba ya sani cewa tekun narkakken dutse yana kwance ne a wajen hawa na 31, wato mai haƙa a 15 yana tafiya ne a ƙarƙashinsa, kuma jan dutsen Neda yana da taushi ƙwarai, digar daimon mai sauri tana cinye shi kafin ka ɗaga yatsa, sai ka ga ramin wuta ya buɗe a gabanka. Narkakken dutsen Neda kuma ya fi na duniyar sama saurin malala da nisan tafiya. Yaya ya sa wa kowa doka: kada a haƙa tubalin da ake tsaye a kai, kada a tafi babu dutsen toshiya a hannu, kada a sauka da digar ƙarfe, domin digar da ba ta kai daimon ba tana fasa dunƙulen ne kawai ba ta ba da komai. Dokokin nan sun ceci kayan mutane da yawa. Allah ya saka maka da alheri, Yaya.

Sai 'yan'uwanmu mata biyu na Tarauni, waɗanda aikinsu ba ya fitowa a hoto amma ba don su ba da har yanzu muna haƙa da hannu. Gado a Neda ba abin kwanciya ba ne, duk wanda ya yi ƙoƙarin hawansa sai gadon ya fashe, kuma fashewarsa ta fi ta nakiyar TNT ƙarfi. Ɓaraguzan da kuwa fashewa ba ta cin su. Dabarar ita ce a haƙa dogon rami, a ajiye gado a can gaba, a ja da baya, a sa tubali tsakanin jiki da gadon, sannan a taɓa shi. Jan dutse ya tarwatse, wuta ta kama ko'ina, idan akwai dunƙule a kusa sai a gan shi tsaye shi kaɗai a cikin ramin. Kowane gado yana cin ulu 3 da katako 3, kuma gado ɗaya tashi ɗaya yake yi. Su biyun nan suka faɗaɗa garken tumaki, suka riƙa aske su suna jiran ulu ya sake fitowa, suna cika akwatuna da gadaje a bakin ƙofar Neda, har ya zama duk wanda ya shigo da daddare zai tarar da kayan aikinsa a jere. Wasu daga cikinmu sun so a koma TNT saboda ba ya tayar da gobara, kuma gaskiya ne ya fi tsabta, amma kowane ɗaya yana buƙatar albarushi 5 da yashi 4, albarushin kuma sai an yi farautar dodannin da ke fashewa. A ganina shawarar gado ita ce daidai ga masu wasa a waya irinmu, matuƙar akwai masu haƙurin kiwo, kuma Allah ya ba mu su.

Akwai dare ɗaya da ya kamata in ambata daki-daki. Abokinmu na Kurna yana dawowa da dunƙule masu yawa a jakarsa, sakamakon haƙar da ya daɗe yana yi, yana tsallaka siririyar gadar jan dutse a kan tekun wuta, sai gast, wato farin dodon nan mai shawagi da kuka, ya harbo ƙwallon wuta ya karya gadar a ƙarƙashinsa. Ya faɗa, ya mutu, sulkensa na daimon da digarsa da abincinsa duk suka ƙone nan take. Ɓaraguzan da su kaɗai wuta ba ta ci, suna yawo a saman narkakken dutsen, amma abin da ya zube a wasan nan minti 5 yake yi ya ɓace muddin akwai wani a kusa da wurin. Ƙaramin cikinmu, ɗan aji uku na ƙaramar sakandare, yana da kwalbar maganin kariya daga wuta guda ɗaya da ya samu wajen musayar zinare da figilin, wato halittun Neda masu fuskar alade, yana ta ɓoyonta don ranar kansa. Ya shanye ta, ya diro cikin wutar, ya yi iyo yana tsince su ɗaya bayan ɗaya yayin da wani ke saƙa masa matakala da dutse, ya fito kafin ƙarfin maganin ya ƙare. Ƙanina yana kallo daga kan katifarsa, wayar tana rawa a hannunsa, har Umma ta leƙo tana tambayar ko ƙafar ce ta motsa. Abokinmu na Kurna bai riƙe ko ɗaya ba don maye gurbin asararsa, duk ya kai akwatin. Washegari aka rushe sauran gadar aka sake gina ta da dutsen duniyar sama, wanda ƙwallon gast ba ya fasawa, aka yi mata bango da rufi. Ku biyun nan, ban san kalmar da za ta biya ku ba, Allah ya biya ku.

Tun daga sabuntawar watan Yunin 2023, sandar nedarait kaɗai ba ta isa ba, sai da allon ɗaukaka, wanda ba a ƙera shi daga farko, sai dai a samo shi a akwatunan bastiyon, kangayen baƙin dutse da figilin ke gadi. Figilin na gama-gari suna ƙyale wanda ya sa ko da abu ɗaya na zinare a jikinsa, sai in ya buɗe akwati a gabansu ko ya taɓa zinarensu, amma manyansu masu gatari ba ruwansu da zinare, suna gani suke sara. Ɗaliban Jami'ar Bayero uku da ke cikinmu su suka ɗauki wannan tafiya bayan sun gama jarrabawa, suka yi ta ratsa Neda har suka dace da bastiyon mai ɗakin taska, wanda babban akwatinsa ba ya rasa allon. Sun dawo da guda ɗaya, kuma kowane kaya allo ɗaya yake cinyewa. Ana kwafarsa da daimon 7 da jan dutse 1, sai ya zama biyu. Domin a ƙera kaya shida kuma a bar allo ɗaya a ajiye, sai da aka yi kwafi shida, daimon 42 ke nan. A nan ne na ga abin da ya fi taɓa ni, domin mutanen da su kansu sulken ƙarfe ne a jikinsu suka riƙa kawo daimon bibbiyu da uku-uku, wasu ba su ma faɗa ba, sai dai a buɗe akwati a ga ya ƙaru. Waɗanda na sani da waɗanda ban sani ba, na gode.

Wajen amfani da sandunan an yi muhawara. Ƙanina ya so a fara da takobi, Yaya ya ce diga, ni ma na goyi bayan Yaya, domin digar daimon tana jure aiki 1561, ta nedarait kuwa 2031, ga ƙarin sauri, kuma ita ce za ta koma ramin ta nemo sauran. Haka aka yi, kuma aka riƙa ba da aronta ga duk mai sauka. An kuma jinkirta ƙirar sauran har sai da Antinmu mai kula da ɗakin littattafan garin ta gama musaya da mutanen ƙauye na cikin wasan ta samo littattafan ƙarfafa kaya, ciki har da wanda ke sa kaya gyara kansu, saboda duk ƙarfin da aka sa wa kayan daimon yana bin su idan an ɗaukaka su a teburin ƙira. Ina tuna wa ƙanina da sauran yara abin da Yaya ya maimaita a daren: sulken nedarait yana rage raɗaɗin bugu mai ƙarfi, yana hana a ture mutum da nisa, kuma ba ya ƙonewa idan ya zube a wuta, amma wanda ke sanye da shi yana ƙonewa. Kada wanda ya yi wasa da bakin teku don ya ga baƙin sulke a jikinsa.

A wajen wasan ma akwai masu haƙƙi a kanmu. Kawu, kai ka ci gaba da biyan kuɗin watan da ke riƙe duniyar a buɗe ko ba ma ciki, ba tare da ka taɓa buga wasan ba, na gode. Malam mai shagon caji na bakin layinmu, a kwanakin da aka daɗe babu wuta kai ka riƙa karɓar wayar ƙanina da safe ka aiko da ita cike kafin la'asar, ka ƙi karɓar ko sisi. Mai gyaran waya na Farm Centre da ya canza masa batirin da ya kumbura a rana ɗaya, shi ma yana cikin addu'armu. Iyayen yaran da suka amince aka sa lokacin wasa bayan isha'i, bisa sharaɗin an gama aikin gida kuma ana tashi kafin dare ya raba, mun gode da amincewarku, kuma sharaɗin yana nan ba a canza ba.

Allon da ya rage yana cikin akwatin da ke kusa da teburin ƙira a tsakiyar gari. Duk mai buƙata ya kwafa ya mayar da na asali. Mun kuma yanke shawarar cewa dunƙulen da za a haƙo daga yanzu za a fara ne da abokinmu na Kurna, sannan ƙaramin da ya shiga wuta, sannan masu tumaki, kuma ƙanina ya ce shi zai riƙe digar a saukar farko. Masu tambayar jikinsa, alhamdulillahi ya fara taka ƙafar da sanda, ana sa ran komawarsa makaranta a zango mai zuwa. Ƙofar gida a buɗe take ga masu son zuwa dubiya bayan la'asar. Allah ya bar zumunci, ya raba ku da iyayenku lafiya, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.