Na je neman gini a Kalaba, na tarar da tudu

Shekarar da na yi bautar ƙasa a Kalaba, tarihi nake koyarwa a wata sakandare. Na ce wa ɗalibaina mu rubuta asalin cocin Presbyterian na Duke Town, wata tsohuwar unguwa a garin, kuma ni da kaina na fara da kuskure: na rubuta a allo cewa Mary Slessor ce ta kafa shi. Sunanta kowa ya sani, saboda ceton tagwaye. Wata yarinya ta ɗaga hannu cikin ladabi ta ce kakarta ba haka ta faɗa mata ba.

Ranar Asabar na tashi daga Bogobiri, inda nake karyawa wajen 'yan uwanmu Hausawa, na hau tudun mishan. Wani dattijon cocin ya zaunar da ni a inuwa, ya warware mini zaren. Slessor sai 1876 ta iso, shekara 30 bayan an fara aikin. Wanda ya jagoranci ayarin farko shi ne Hope Waddell, ɗan Ayalan, da ya sauka a watan Afrilun 1846 daga jirgin ruwa mai suna Warree, zamanin Sarki Eyamba na biyar a Duke Town da Sarki Eyo Honesty na biyu a Creek Town.

Abin da ya fi taɓa zuciyata shi ne daga Jamaika tunanin ya taso, cikin ikilisiyoyin bayin da aka 'yanta. A ayarin akwai Andrew Chisholm, kafinta, da Edward Miller, malamin makaranta. Kogin Kalaba da jiragen bayi suka daɗe suna fita ta bakinsa, ta nan 'yan Jamaika suka shigo da zarto da littattafai.

Filin da aka ba su ma ba na alfarma ba ne. Kurmi ne a kan tudu, tsakanin Duke Town da Henshaw Town, inda ake jefar da gawarwakin waɗanda ba a yi wa jana'iza. Shi suka sare suka kafa gida da makaranta. Na tsaya ina kallon kogin daga can sama, jikina ya yi sanyi.

Daga ranar na daina ɗaukar shekarun ginin coci a matsayin shekarun jama'arsa. Ginin da nake ta ɗauka hoto daga baya ya zo. Baftismar farko a duk aikin mishan ɗin sai 1853 aka yi ta, ta Esien Esien Ukpabio a Creek Town, wanda ya zama fasto a 1872. Shekara bakwai suna wa'azi da koyar da yara kafin mutum guda ya karɓa.

Mako na gaba na kawo ɗaliban maƙabartar mishan, inda aka binne Slessor a 1915. Yarinyar nan na miƙa wa littafin rubutunmu, ita ta riƙa kwafe sunaye da shekarun da ke jikin duwatsun.