Ni da man shanu a Kerala

Jama'a na dawo fa, Alhamdulillah. Masu tambayar me ya kai ni Indiya, Panchakarma na je yi a Kerala, maganin gargajiyarsu na wanke jiki, kwana 14. Sunan na nufin ayyuka biyar: sa amai, sa zawo, ɗura magani ta ƙasa, ɗiga mai a hanci, sai fidda jini, wani lokacin da matsattsaku, nan kam na ce a'a, wanzami da ƙahonsa ya ishe ni.

Abin da ya fi ba ni wuya man shanu ne. Da sassafe ciki ba komai a miƙo maka narkakke a kofi, gobe a ƙara jibi a ƙara, wai sai ya ratsa jiki ya sassauta dattin sannan tausa da sirace, wallahi rana ta huɗu ko warinsa na ji zuciyata tashi take. Ranar zawo ban ƙirga zuwa banɗaki ba. Bayan nan kunun shinkafa tsararo, ba nama ba yaji.

Jiki ya yi sakayau, barci ya dawo. Ciwon gwiwa dai yana nan abinsa, kuma likitan ya ce kar in kuskura in ajiye maganin hawan jinina.